Shigar mutunci: tarbiyya ce ta lalace, ko dama talaka aka ɗora wa?

Wani malamin makarantar sakandare daga Zariya ya aiko da wannan tambaya: "Mahaifinmu ba mai kuɗi ba ne, amma har ya koma ga Allah bai taɓa fita ƙofar gida ba hula ba, bai kuma taɓa zuwa Juma'a ba babbar riga ba. Yanzu ina ganin 'ya'yan manya suna zuwa ɗaurin aure da wandon jins da 'yar riga, ba mai ce musu uffan. Ni kuwa ranar da na je wani ɗaurin aure da kaftani ba hula, har gida aka biyo ni da magana. Shin tarbiyya ce ta lalace, ko kuwa dama can shigar mutunci talaka aka ɗora wa?"

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Abin da ka gani gaskiya ne, kuma ba a Zariya kaɗai ba. Sai dai kafin mu yanke hukunci a kan 'ya'yan yau, ya kamata mu duba wane zamani muke nufi idan muka ce "da". Yawancinmu zamanin iyayenmu muke hange, wato daga wajen shekarun 1950 zuwa farkon 1980, sai mu ɗauka haka ƙasar Hausa take tun fil azal. Ba haka ba ne. Wancan zamani da talaka ke fita Juma'a da babbar riga gajeren lokaci ne a tarihi, kuma akwai dalilan da suka kawo shi, akwai waɗanda suka tafi da shi.

Mu fara da tsadar tufa. Kafin zuwan masaƙun zamani, riga guda sai ta bi ta hannun mutane da yawa. A noma auduga, mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙyallaye 'yan sirara, maɗinki ya harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya, a kai marina a tsoma a baba, a kai wa mabuga su buge ta har ta ɗauki sheƙi. Idan riga ce ta manya, sai mai zane ya zana aska biyu ko aska takwas, mai allura ya zauna a kanta wata da watanni. Irin wannan riga dukiya ce. Ana gadonta, ana ba da jinginarta, sarki yana yi wa bara kyauta da ita, kuma riguna suna cikin gaisuwar da masarautu irin Kano ke aikawa Sakkwato. Lokacin da Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga garin a shekara sun kai aƙalla wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Turkuɗin Kura shi ne rawanin da Abzinawa ke alfahari da shi. Amma kada yawan cinikin ya ruɗe ka. Manomin da ya noma audugar ba shi ke sa saƙi da tsamiya da barage ba. Shi nasa bante ne ko warki a gona, sai taguwa in za shi kasuwa. Matarsa zane ɗaya take ɗaurawa a ƙirji. Yara kuwa sai sun tasa ake damuwa da yi musu sutura. Duk wanda ya duba hotunan kasuwannin ƙauye na farkon zuwan Turawa zai ga haka da idonsa.

Saboda haka, in ana maganar rufe jiki zalla, mu na yau mun fi kakanninmu rufewa nesa ba kusa ba. Wannan magana ba ta yi wa mutane daɗi, amma haka take.

A wancan zamani, shigar da ta dace ita ce wadda ta yi daidai da matsayinka. Kana hango mutum daga nesa ka san ko wane ne. Rawani mai kunne biyu na gidan sarauta ne. Alkyabba sai wanda aka naɗa. Takalmin gashin jimina, wanda tarihin Kano ya jingina wa Sarki Muhammadu Rumfa, na sarki ne. Dogari yana da jansa da korensa, malami yana da farin rawaninsa, attajiri yana da rigunansa, amma ya san inda zai tsaya. Talakan da ya samu 'yan kuɗi ya yanko rigar da ta fi ta dagacinsa bai yi shigar mutunci ba a idon mutanen lokacin, ya yi rashin kunya ne, kuma yana iya janyo wa kansa idon masu karɓar haraji. Ka ga ke nan dokar ta da ta fi ta yau tsanani ga talaka, domin ba cewa take ya yi ado ba, hana shi take yi.

Har siyasa tufa ta shiga. A ƙarshen ƙarni na 18, da Sarkin Gobir Nafata ya so ya karya lagon jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cikin dokokin da ya kafa har da hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi. Ya gane cewa rawanin nan alama ce ta mutanen da suka fara ganin suna da wani shugaba ban da shi. Bayan an fara jihadi a 1804 kuma, ba a je ko'ina ba sai ga Malam Abdullahi na Gwandu yana kukan cewa wasu daga cikin jama'a sun karkata ga neman mulki da tara ƙwaraƙwarai da dawakai da tufafin alfarma. Kukan cewa mutane sun lalace a kan sutura ya girmi kakan kakanka.

To, yaya aka yi babbar riga ta sauko har ta iso ga mahaifinka?

Hanya ta farko ita ce boko. A kudancin Nijeriya, ɗan boko na farko kwat da nakatai ya sa, domin ta hannun mishan ya fito. A Arewa Turawa sun bi ta hannun sarakuna, ba su kuma so ɗan Arewa ya koma Bature a shiga. Daga makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 zuwa Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, ɗalibai da rigunansu na gida suka yi karatu. Waɗannan ɗalibai su suka zama malaman makaranta da ma'aikatan En'e, daga baya suka zama ministoci. Sardauna da rawaninsa ya yi Firimiya. Abubakar Tafawa Ɓalewa da babbar riga ya je Amurka a 1961 ya gana da Shugaba Kennedy. Har wata hula ta samu suna daga Zanna Bukar Dipcharima. Wato a Arewa riga ta zama kayan aikin gwamnati, kuma duk yaron da ya ci jarrabawa ya samu aiki, ko ɗan wa ne, ya samu lasisin sa ta.

Hanya ta biyu siyasar talakawa ce. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, cikin abubuwan da 'ya'yanta suka yi fice a kai har da ƙin tuɓe takalmi da faɗuwa gaisuwa a gaban masu sarauta. Mutane sun sha duka da ɗauri a kan wannan. Matashin yau zai ji abin kamar wasa, amma ma'anarsa babba ce: talaka yana cewa ni ma ina da ikon tsayuwa da takalmina da hulata. Shi kansa Malam Aminu Kano farin yadi mai sauƙi da jar hula ya riƙe, alhali ɗan gidan malamai ne da alƙalai, da ya so rigunan alfarma da ya samu. Ya zaɓi sauƙin ne da gangan, kuma har gobe ana cin gajiyar wannan hula a siyasar Kano.

Hanya ta uku, wadda a ganina ta fi sauran nauyi, ita ce arahar yadi. Akoko da alawayyo sun shigo ta kantunan Turawa, keken ɗinki ya bazu har ƙauyuka. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, wasu suka biyo baya a Kakuri a shekarun 1960, Kano ma ta samu nata. Sai kuɗin man fetur, sai ƙarin albashin Udoji na 1974 da ya zuba kuɗi a aljihun ƙananan ma'aikata lokaci guda. Masinja ya yi shadda, direba ya yi babbar riga, manomin gyaɗa ya je Makka ya dawo da jallabiya da haƙorin zinariya. Abin ya kai har gwamnatin soja ta hana shigo da leshi a 1976 don tana ganin almubazzarancin ya yi yawa.

A nan mahaifinka ya tsaya, Malam. Shi bai ɗauki babbar riga a matsayin nauyin da aka ɗora masa ba. Wataƙila ubansa ko kakansa bai taɓa mallakar irinta ba. Ranar Juma'a da yake saɓa ta a kafaɗa ya shiga sahu kusa da hakimi da attajiri, wani 'yanci yake ci wanda aka sha wuya kafin a samu. Shi ya sa mutanen wannan zamani suke da tsananin kishin hula da riga, suke kuma ganin wanda ya yar da su kamar ya yar da abin da aka yi gumi a kansa. Ɗan da aka haifa ya tarar da riguna a akwati ba zai taɓa jin abin kamar yadda suke ji ba, kuma ba lallai ne laifinsa ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amarin ya juya. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ya karya darajar naira, albashi ya daina kai wa. Gwanjo, wanda a da abin kunya ne a gan ka a gindinsa, ya zama rufin asiri. Je ka Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna ka ga masu digiri suna tonon dila. Gwanjo kuwa ƙananan kaya yake kawowa, ba ya kawo kaftani. Da yawa daga cikin samarin da ake zagi da cewa sun rungumi shigar Turawa, aljihu ne ya kai su, ba sha'awa ba. Masaƙun Kaduna suka bi layi suna rufewa, KTL a 2002, UNTL a 2007, kayan Sin suka cika Kantin Kwari.

Shigowar kayan Sin ta yi wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba. Ta kashe ikon tufa na faɗin matsayin mutum daga nesa. Yau zane guda na atamfa za ka same shi hawa-hawa, daga Holan ta asali har zuwa wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinta ba. Gezna ta gaske daga Ostiriya take zuwa, amma kwaikwayonta ya cika kasuwa, kuma ranar farko da aka sa su sai mai ido ne zai bambance. Aikin da mai allura ke yi a wata uku, injin kwamfuta yana buga kamarsa a wuni guda. Ranar Sallah yaron shago da maigidansa duk suna ƙyalli. Da masu hali suka ga haka, sai alamar ta gudu daga riga ta koma wasu wurare: agogo, takalmi, turare, hular Bama ta hannu mai ƙananan ido, waya, mota, da 'yan sandan da ke biye. Shaddar ma sai an yi mata wanki uku ake sanin ta wa ce.

Ga amsar tambayarka a nan. Ɗan mai kuɗin da ya zo ɗaurin aure da jins ba ya buƙatar riga ta gabatar da shi. Motar da ya fito daga ciki ta riga ta yi magana, sunan ubansa ya riga shi isa wurin. Shigar tasa ma wani nau'in nuna isa ce, yana faɗa wa jama'a cewa ni na wuce a auna ni da hula. Kai kuwa malamin makaranta ne. Jarinka mutunci ne, kuma mutuncin irinmu kullum sai an sabunta shi. Haka ƙaramin ma'aikaci, haka mai neman aure, haka ɗan kasuwar da ke karɓar kaya bashi, haka limamin unguwa. Waɗannan su ne masu tsaron shigar mutunci a kowane gari, domin su ne za su yi asara in aka raina su. Wanda ke can ƙasa sosai, mai turin kura ko ɗan garuwa, ba wanda ke tsammanin komai daga gare shi. Wanda ke can sama ba mai iya tambayarsa. Nauyin a kan na tsakiya yake sauka.

Kada kuma ka ɗauka shirun da aka yi wa ɗan mai kuɗi yarda ce. An yi maganarsa, a bayan ido. Dattijon da ya biyo ka gida ya gan shi sarai, ya haɗiye, ko don tsoro, ko don kwaɗayi, ko don ya san maganar ba za ta yi amfani ba. Kai ya gaya maka ne don yana ganin kai nasa ne kuma za ka ji. Akwai ƙauna a cikin wannan, akwai kuma rashin adalci. Abin da ke ɓata tarbiyya a nan shi ne yara suna kallo, suna kuma gane cewa faɗan ba a kan hula yake ba, a kan wanda ake iya yi wa faɗa yake.

Akwai kuma dalilai na yau da gobe da masu wa'azin sutura ke tsallakewa. Cikakkiyar babbar riga da 'yar ciki da wando tana cin yadi goma, kaftani kuwa huɗu zuwa biyar ya isa. Babbar riga tana son sitaci da guga, guga tana son wuta ko gawayi, mai wanki yana son kuɗinsa. An yi ta ne don mai tafiya a ƙasa a natse, ko mai hawan doki, ko mai zama a zaure. Wanda zai hau acaɓa ko ya matsu da mutum uku a bayan adaidaita sahu, in ya sa ta, kafin ya isa ta zama abin tausayi, ban da haɗarin ta shiga ƙafar babur. Ma'aikacin banki an ce ya sa kwat daga Litinin zuwa Alhamis, sai Juma'a ake sakar masa mara. Sanusi Lamiɗo Sanusi da kwat da nakatai mai kama da malam-buɗe-littafi aka san shi a Babban Bankin Nijeriya, amma da aka naɗa shi Ɗan Majen Kano a 2012 ya shiga ofis da rawani, jaridu suka yi ta yayatawa. Mutum ɗaya ne, kowace shiga da abin da take faɗa. Ƙaramin ma'aikacin wannan banki bai isa ya gwada ko ɗaya daga cikin biyun yadda ya ga dama ba.

Ɓangaren mata ya bi wata hanya dabam, kusan kishiyar ta maza. A da kulle da lulluɓi na matan sarakuna da malamai da attajirai ne, domin sai mai hali ne zai iya hana matarsa zuwa gona da rafi. Matar talaka ba ta da wannan gata. Hijabin da muke gani ko'ina yanzu bai daɗe ba. Ya bazu ne daga ƙarshen shekarun 1970, tare da yawaitar zuwa aikin Hajji, da wa'azin malamai irin su Sheikh Abubakar Gumi, da kafuwar Izala a Jos a 1978, da makarantun Islamiyya na matan aure. Ya kuma karɓu da sauri saboda ya yi wa talaka daɗi: yadi kaɗan ne, ɗinkinsa ba wuya, yana rufe tsohon zane da sabo duka, ya kuma ba matar aure damar fita makaranta da asibiti ba tare da surutu ba. Na ɗan lokaci ya daidaita mata a titi. Amma bambanci ba ya mutuwa, sai ya sake ɓullowa ta abayar Dubai, da laffaya mai tsada, da gyale shara-shara da ake ratayawa a kafaɗa. Yau a wasu wurare dogon hijabi har ƙasa ya zama alamar 'yar unguwa, ƙaramin mayafi ya zama alamar 'yar gata.

Da aka dawo da shari'a, daga Zamfara a 1999 zuwa Kano a 2000, aka kuma ba Hisbah doka a Kano a 2003, gyaran shiga ya zama aikin hukuma. Ba na musun an samu alheri a ciki. Amma duk mai gaskiya ya san wa ake tarewa: mai tafiya a ƙasa, da wadda ke cikin adaidaita sahu, da saurayin da ya yi wani irin aski a bakin kasuwa. Mota mai baƙin gilashi wucewa take yi, kuma manyan ɗakunan biki da ake kashe miliyoyi ba kasafai ake leƙa su ba. Matsalarka ce dai ta ɗaurin aure, ta sa kaki.

Inda abin ya fi ciwo shi ne lefe da anko. Anko ba namu ba ne tun asali, daga Yarabawa muka ɗauko, kuma hikimarsa ita ce a daidaita dangi a rana guda, kada a gane mai shi da marar shi. Yanzu ya koma akasin haka. Amarya ta fitar da leshi na dina, atamfa ta kamu, wani yadin na walima, ƙawar da ba ta da hali ko ta ci bashi ko ta ƙirƙiri ciwon kai ranar biki. Lefe kuma ana ƙirga akwatuna a gaban mata, a ɗaga kowane turmi a duba bakinsa, a ɗauki hoto a watsa. Samari da yawa sun haura shekara talatin ba aure saboda wannan, wasu kuma aron kaya ake yi a cika akwati a mayar bayan biki, alhali Bahaushe ya riga ya ce kayan aro ba ya rufe katara. In ana neman inda shiga ta lalata tarbiyya, ni nan zan fara nunawa kafin in kai ga wandon jins.

Tunda a ƙasarmu ba a raba maganar sutura da addini, bari in bambance abin da ya wajaba da abin da yake al'ada. Wajibi shi ne rufe al'aura, ga namiji daga cibiya zuwa gwiwa, da tufar da ba ta nuna fata ba. An hana namiji alhariri da zinariya, an hana jan tufa don girman kai, an kuma hana tufar neman suna. A ɗaya gefen, Alƙur'ani a Suratul A'araf ya ce a riƙi ado a wurin kowane masallaci, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah mai kyau ne yana son kyau. Hula ba wajibi ba ce, sallar wanda bai sa ta ba ta inganta. Sai dai malaman Malikiyya suna ba al'adar gari nauyi a babin mutunci. Imam Shaɗibi na Andalus ya kawo misalin buɗe kai da kansa, ya ce a ƙasashen gabas abin ƙi ne ga masu mutunci, a ƙasashen Magrib kuwa ba abin ƙi ba ne, don haka hukuncin yana bin wurin. Zariya kuwa, kai ma ka sani, gari ne da har yanzu buɗaɗɗen kai a taron manya yake da nauyi. Waɗanda suka yi maka magana ba su da hujjar cewa ka yi zunubi, amma suna da hujjar cewa ka saɓa wa al'adar wurin. Wannan hujja kuwa ta hau kan ɗan mai kuɗin daidai da yadda ta hau kanka, domin fiƙihu bai ware masa babi ba.

Ra'ayina, in ka tambaye ni, ka sa hularka in za ka ɗaurin aure. Ba don masu surutu ba, don mai taron. Wanda ya gayyace ka ranar aurar da 'yarsa yana so ya duba ya ga mutanensa sun ɗauki ranar da muhimmanci, kuma hula ita ce hanya mafi araha ta nuna masa haka. Babbar riga kuwa ba dole ba ce a kanka, kuma ban ga dalilin da zai sa malamin makaranta ya ci bashin gezna don ya yi gogayya da ɗan kwangila ba. Yadi mai kauri wanda ba ya kuɗewa, ɗinki biyu ko uku a hannun tela mai kyau, farare ko masu ruwan toka, sun fi shadda guda mai tsada da za a gan ka da ita a kowane taro har a riƙa kiranka da launinta. Ka fi ba da ƙarfi ga wanki da guga da goge takalmi, nan ne idon dattawa ke fara sauka.

A makaranta kuma kana da ikon da ba ka da shi a wurin biki. Idan za ka kori yaro don rigarsa ta fita daga wando ko ya zo da silifa, ka tabbata ɗan shugaban ƙaramar hukuma ma za ka kore shi a kan haka, a rana guda, a gaban sauran. Kafin ka kori na farkon kuma ka tambaye shi ko yana da wani takalmin a gida, domin sau da yawa silifan nan shi kaɗai ne, kuma da ƙaninsa suke karɓa-karɓa.